Omaha, 1996: bugu ɗaya ya ƙwace kofi

A Amurka, jami'o'i suna da gasarsu ta besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya make ta da kulki. Tun 1950 birnin Omaha na jihar Nebraska ke karɓar ƙungiyoyi takwas da suka kai matakin ƙarshe.

Ranar 8 ga Yuni 1996, a filin Rosenblatt, jami'ar LSU ta jihar Luwiziyana ta kara da jami'ar Miami. Aka shiga rabi na biyu na zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe, Miami na gaba da ci 8 da 7. An riga an fidda ƴan LSU biyu, saura ɗaya kofi ya nufi Florida.

Sai layi ya zo kan Warren Morris. Yaron ya sha wuya a wannan shekara: ƙashin wuyan hannunsa ya karye, aka yi masa aiki, ya yi makonni bai taka fili ba, kuma ko sau ɗaya bai tsallakar da ƙwallo bayan shinge ba. Jifar farko ta Robbie Morrison ya make. Ƙwallo ta ƙetare shingen dama da ƙyar, shi da abokinsa da ke jira a tasha ta uku suka zagayo gida, ci ya koma 9 da 8. Alex Cora na Miami ya faɗi rub da ciki a tsakiyar fili.

Kofi na uku ke nan ga mai horarwa Skip Bertman, bayan na 1991 da 1993. Cora kuwa, a 2018 shi ya jagoranci ƙungiyar Boston ta ci kofin ƙwararru.