Kwana Uku a Hamburg: Abin da Ya Kai Inna Jamus

Ke dai bari, duk wadda ta san Gwiwa ta san magana ba ta kwana. Tun da Yaya ya shekara huɗu yana karatu a Jamus aka fara raɗa a gidajen biki wai ya auri baturiya, ba zai dawo ba. Inna ba ta ce uffan ba, kun san kunyar ɗan fari, amma ramar da ta yi ta isa bayani. Da ya aiko mana da takardun tafiya a watan Yunin 2023, ni da ita, ko musu ba ta yi ba.

Kwana uku kacal muka yi a Hamburg. Abin da ya fara ruɗa Inna rana ce: ƙarfe tara na dare ya wuce, gari tangararau, magariba sai wajen goma saura. Ta yi alwala ta zauna jira har barci ya soma fizgarta.

Washegari Yaya ya sa mu a jirgin ruwa a kogin Elbe, muka ga manyan jiragen dakon kaya, kowanne ya fi unguwarmu tsawo. Daga nan sai Speicherstadt, tsofaffin gidajen ajiya na jan bulo da aka gina a bakin ruwa, inda 'yan kasuwa suka daɗe suna tara shayi, kofi, kayan yaji da dardumai. Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ashe su ma rumbu gare su." Ni kuwa na lura duk inda muka bi idonta na kan Yaya, tana jiran wata ta ɓullo. Ɗakinsa ma sai da ta bincike shi tsaf da sunan shara. Ko ɗankunne ɗaya ba ta tsinta ba!

Ranar ƙarshe muna zaune a bakin tafkin Alster Yaya ya ce, "Inna, kin san ba mu ne Hausawan farko a garin nan ba?" Ya ba mu labarin Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ɗan asalin Hamburg ɗin nan. A 1855 Barth ya zo da shi Landan, sannan Hamburg. Daga baya wani malamin mishan, Schön, ya rubuta labarinsa daga bakinsa, ya fito a littafin Magana Hausa a 1885.

Inna ta yi shiru can, ta gyara mayafi.

"Shi yaron, ya koma gida?"

"Ya koma, Inna. Har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa, a Kano ya rasu a 1912."

Ba ta dube shi ba, agwagin da ke kan ruwa take kallo. Ta ce, "To, kai yaushe?"

Yaya ya sosa ƙeya ya ce bana in Allah ya yarda, da ya kammala. Nan take ta ce in tuna mata idan mun sauka Kazaure ta biya gidan ƙanwarta, akwai maganar da za su yi.