Manhajar kyauta a ofis: Abin da ya sa Munich ta ja da baya, jandarmomin Faransa suka ɗore

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa manhajar Windows 10. Daga ranar, kwamfutar da ke aiki da ita ba ta samun sabbin gyare-gyaren tsaro, sai wadda mai ita ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Magajiyarta kuwa, Windows 11, ba ta hawa kowace kwamfuta. Daga cikin sharuɗɗanta akwai wani guntun kayan tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi.

Wannan ya sake tayar da tsohuwar muhawara a ofisoshin gwamnati da shagunan kasuwanci a ƙasashe da yawa: a sayi sabbin kwamfutoci, ko a ɗora wa tsofaffin buɗaɗɗiyar manhaja irin su Linux da LibreOffice, waɗanda ba a biyan kuɗin lasisinsu? A kan takarda amsar tana da sauƙi. Amma abin da ya faru a Turai cikin shekaru ashirin ya nuna cewa ma'aikacin da ke zaune a gaban kwamfutar, da irin sauƙi ko wahalar da yake sha wajen kammala aikinsa, shi ne ke yanke hukunci a ƙarshe.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja tana da rubutun asali da masu ƙira suka tsara ta da shi. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna kulle nasu, su sayar da izinin amfani kawai. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, rubutun a fili yake: kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya raba wa wasu.

Tafiyar ta faro ne a 1983, lokacin da Ba'amurke Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU, da hujjar cewa mai kwamfuta yana da haƙƙin sanin abin da ke gudana a cikinta. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. A 1998 aka samu rabuwar kai: ɓangaren Stallman ya tsaya kan cewa batun na 'yanci ne da ɗabi'a, yayin da su Eric Raymond da Bruce Perens suka fi son a tallata abin ga kamfanoni a matsayin hanyar samar da ingantacciyar manhaja.

Ta fuskar ƙarfi da aminci, an daɗe da wuce gardama. Tun daga 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da Linux suke aiki. Wayoyin Android da ke hannun 'yan kasuwa da ma'aikata ma a kan Linux aka gina su. Sai dai a kwamfutocin tebur da na cinya, ƙididdigar kamfanin StatCounter ta 2024 ta nuna kason Linux bai wuce kimanin kashi 4 cikin 100 ba. Tambayar ke nan: me ya hana abin da ke tafiyar da manyan na'urori samun gindin zama a teburin akawu?

Darasin Munich

Babu inda aka gwada wannan a bainar jama'a kamar birnin Munich na ƙasar Jamus. Abin da ya tunzura birnin ya yi kama da halin da ake ciki a yau: Microsoft na shirin daina kula da Windows NT 4, wadda ofisoshin birnin ke amfani da ita. A 2003 shugaban kamfanin na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa wurin magajin gari Christian Ude da tayin ragi. Duk da haka, a watan Mayun shekarar majalisar birnin ta zaɓi komawa Linux.

Aikin, wanda aka raɗa wa suna LiMux, ya ɗauki shekaru goma. A ƙarshen 2013 aka sanar da kammala shi a kan kwamfutoci kusan 15,000, kuma hukumar birnin ta ce ta tsimin sama da Yuro miliyan 10.

Amma ƙorafi bai yanke ba. Takardar da aka rubuta da Word a wata ma'aikata, idan ta iso Munich, sai a tarar jadawali ya karkace ko shafi ya gurɓace. Wasu manhajojin ayyuka na musamman ba sa aiki sai a kan Windows, don haka dole birnin ya ci gaba da riƙe dubban kwamfutocin Windows a gefe, abin da ya sa ma'aikatan fasaha ke hidimar gida biyu. Ga kuma jinkirin sabunta manhajojin, wanda ya bar ma'aikata da tsofaffin nau'o'i.

A 2014 Dieter Reiter ya zama magajin gari, kuma bai ɓoye rashin gamsuwarsa da tsarin ba. An ɗauko kamfanin Accenture ya yi nazari. Rahoton ya nuna cewa babban ɓangaren matsalar yana cikin yadda aka warwatsa ikon kula da kwamfutoci a tsakanin sassa da dama, kowa da nasa tsarin. Duk da haka, a watan Nuwamban 2017 majalisar ta amince a koma Windows 10, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kusa Yuro miliyan 50.

Har yau ana ja-in-ja kan dalilin. Magoya bayan LiMux na cewa siyasa ce, suna nuni da cewa Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin Munich a 2016, kuma Accenture abokin hulɗar Microsoft ne. Masu goyon bayan komawar na cewa ma'aikata sun gaji ne kawai. Abin da ba a musu a kai shi ne, ƙorafin ma'aikatan ne ya bai wa 'yan siyasa abin kafa hujja. A 2020 sabuwar gamayyar jam'iyyun da ke mulkin birnin ta sake cewa za ta fifita buɗaɗɗiyar manhaja a duk inda hakan zai yiwu.

Yadda jandarmomi suka bi ta wata hanya

Rundunar jandarmomin Faransa ta yi irin wannan hijira ba tare da hayaniya ba, kuma sirrin yana cikin jerin matakan. A wajajen 2005 ta fara da musanya Microsoft Office da OpenOffice, alhali kwamfutocin na kan Windows. A 2006 ta kawo Firefox don shiga intanet da Thunderbird don imel. Sai a 2008 ta sanar da komawa Ubuntu, wani nau'in Linux, wanda ta gyara ya dace da aikinta ta kira shi GendBuntu.

Lokacin da aka canja babbar manhajar, jandarman da ke rubuta rahoto ya riga ya saba da duk kayan aikinsa. Abin da ya sauya a idonsa kaɗan ne. Rundunar ta kuma mayar da yawancin ayyukanta na cikin gida zuwa shafukan da ake buɗewa ta manhajar shiga intanet, ta yadda ba ruwan aikin da irin kwamfutar da ake kai. A yau mafi yawan kwamfutocin rundunar, dubun-dubata, da wannan tsari suke aiki. Akwai kuma bambancin shugabanci: runduna tana da umarni ɗaya daga sama zuwa ƙasa, saɓanin majalisar birni da ke sauya hannu bayan kowane zaɓe.

Me ya sa wasu manhajojin ke da wuyar sha'ani?

Dalili na farko shi ne waɗanda ke ƙera su. Da yawa daga cikin buɗaɗɗun manhajoji 'yan sa-kai ne suka fara su don biyan buƙatar kansu. Gwanin da ya saba rubuta wa kwamfuta umarni da hannu ba ya ganin wahalar da sakatariya za ta sha wajen neman inda ake latsawa a gurza takarda.

Na biyu, kuskuren da ke sa manhaja ta tsaya cak yana da sauƙin bayani da gyara. Amma ruɗewar da mutum ke yi a gaban allo ba a gane ta sai an zaunar da shi an kalli yadda yake fama, kuma wannan aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. A 2001 kamfanin Sun Microsystems ya yi irin wannan gwaji a kan GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, kuma abin da aka gani ya taimaka wajen fito da ƙa'idojin tsara fuska da aikin ya runguma daga baya.

Na uku, inda babu mai faɗa a ji, saɓani kan ƙare ne da ƙara wani maɓalli domin kowa ya samu abin da yake so. A hankali sai manhaja ta cika da zaɓuɓɓuka har baƙo ya rasa ta inda zai fara.

Na huɗu ba laifin masu ƙirar ba ne. Kamfanonin da ke yin firinta da sikana sukan fara tanadar wa Windows hanyar haɗawa, wani lokaci su tsaya a nan. Haka ma tsarin adana takardu: na buɗaɗɗun manhajoji, wato ODF, ya samu amincewar hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO a 2006, na Microsoft ya samu a 2008, amma fassara tsakanin biyun ba ta cika fita tsaf ba idan takarda na da tsari mai sarƙaƙiya.

Sauƙi ne ko sabo?

A nan masu kare buɗaɗɗiyar manhaja ke da tasu hujja mai ƙarfi. Suna cewa abin da mutane ke kira sauƙi, sau da yawa sabo ne kawai, kuma sabo turken wawa. Lokacin da Microsoft ya sauya fuskar Office a 2007, ma'aikata a ko'ina sun yi ta guna-guni, amma ba wanda ya ce a watsar da kamfanin. An daure an koya. Suna kuma kafa misali da VLC, manhajar kallon bidiyo da ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, wadda mutane ke amfani da ita ba tare da an koya musu ba, da yawansu ma ba su san buɗaɗɗiya ba ce.

Labarin Blender, manhajar zane mai motsi, ya nuna cewa gyara na yiwuwa idan an sa kai. Shekaru da dama an san ta da baƙar wuya. Ko zaɓar abu a allo da maɓallin dama na linzamin kwamfuta ake yi, saɓanin kusan kowace manhaja. A 2019 nau'i na 2.80 ya fito da sabuwar fuska, aka mayar da zaɓi maɓallin hagu. A shekarar kamfanin wasanni na Epic Games ya ba ta tallafin Dala miliyan 1.2. A watan Maris na 2025, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda da Blender aka yi shi, ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin zane. Abin lura shi ne, Blender na da gidauniya mai biyan ma'aikata albashi da shugabanci mai iya yanke shawara.

Inda batun ya shafi Najeriya

Buɗaɗɗiyar manhaja ba baƙuwa ba ce a aikin gwamnati a Najeriya. DHIS2, wadda ake tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya da ita a faɗin ƙasar, buɗaɗɗiya ce da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ƙera ta. Jami'an da ke shigar da bayanai a cikinta sun samu horo a kan aiki guda takamaimai, kuma wannan ne irin yanayin da waɗannan manhajoji suka fi yin nasara.

Ga ofis ko shagon buga takardu da ke riƙe da kwamfutoci na hannu, zaɓin uku ne: a ci gaba da Windows 10 ba tare da gyaran tsaro ba, a sayi sabbin na'urori da lasisin da farashinsa ke bin Dala, ko a gwada Linux. Kwafin sata da ake ɗorawa a kasuwa yana da nasa haɗarin, domin ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta kan shigo.

Wanda ya zaɓi gwaji zai amfana da abin da Munich da jandarmomi suka gani. A fara da lissafa ayyukan da ake yi da kowace kwamfuta, a ware waɗanda ba sa yiwuwa sai da Windows. A ɗora LibreOffice a kan Windows ɗin da ake da ita tukuna, a buɗe ainihin takardun ofis da ita, musamman jadawalin albashi da na lissafi, a ga yadda suka fito. A gwada firinta da sikana kafin a taɓa komai. Takardar da za a aika waje don karantawa kawai, a mayar da ita PDF. Sannan wani kaso na kuɗin lasisin da aka tsimi ya tafi ga horo da kuma mutumin da za a kira idan abu ya cije.

Yanzu idanu na kan jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus. A watan Afrilun 2024 gwamnatinta ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa LibreOffice, da niyyar bin su da Linux daga baya, tana mai cewa ba ta son bayanan jama'a su dogara ga kamfanin wata ƙasa. A 2025 ta kwashe akwatunan imel sama da 40,000 daga manhajar Microsoft, kuma a lokacin kwasar ma'aikatan shari'a sun koka kan tangarɗar da ta kawo musu cikas. Jihar ta ɗauki salon jandarmomi na bi daki-daki, kuma mataki mafi girma, wato sauya Windows ɗin kanta a teburin ma'aikata, shi ne ke gabanta.