Yaro Mai Hazaƙa da Malaminsa na Farko



A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin yaran da suka yi zarra. A Jigawa kuma, gwamnatin Sule Lamido (2007 zuwa 2015) ta gina makarantar masu hazaƙa a Bamaina. Sai dai jarrabawar shiga ba ta zaɓen kowa sai wanda ya iso gabanta. Yaron firamare a Miga, wanda ambaliyar kogin Haɗeja kan raba shi da aji a ƙarshen damina, malaminsa ne kaɗai zai gano shi tun da wuri.

To, in ya gano shi fa? Kuskurenmu biyu ne: ko mu ƙara masa lissafin da ya riga ya iya, ko mu miƙa masa bulala ya tsare aji. Duka biyun suna dakushe basira. Makarantar allo ta riga mu fahimtar wannan, domin a can kowane almajiri da inda karatunsa ya tsaya. Wanda ya haddace sai ya wanke allonsa, a biya masa gaba, ba ya jiran kowa.

Haka ya kamata mu yi. In ya gama aikinsa, a ba shi matsala daga fadamarsu, alal misali ya auna gonar shinkafa, ya ƙiyasta buhu nawa za ta bayar, sannan ya bayyana hanyar da ya bi. Malami kuwa ya riƙa tambayar kansa kowace Juma'a: wane sabon abu yaron nan ya koya a hannuna cikin makon nan?