Zaɓen Fayil ɗin Saiti a Manhajar Intanet: Misali Daga Kwarin Haɗejiya

Abin da za mu yi ƙoƙarin bayyanawa a wannan maƙala shi ne yadda manhajar da ke aiki ta intanet take sanin fayil ɗin saitin da za ta karanta idan an tayar da ita. Abin da muke nufi da fayil ɗin saiti shi ne ɗan rubutun da ake ajiyewa dabam da jikin manhaja, wanda ke ɗauke da adireshin rumbun bayanai da kalmomin sirri da hanyar aika saƙo. Manhaja ɗaya kuwa takan zauna a muhalli uku: kwamfutar wanda yake rubuta ta, da wurin gwaji, sa'an nan uwar garke, wato babbar kwamfutar da jama'a ke hulɗa da ita. Kowane muhalli da nasa saitin.

Alal misali, a ɗauka an rubuta manhaja domin manoman rani na shirin noman Kwarin Haɗejiya da ke Auyo, tana riƙe da sunayensu da lambobin wayarsu, tana kuma sanar da su ranar da za a sako ruwa a magudanarsu. Mai gwaji dole ya aika saƙonnin ƙarya don ya tabbatar tana aiki. To, idan a wurin gwaji ta ɗauki saitin uwar garke, saƙon zai isa wayar manomin shinkafa na gaskiya, ya ɗauko 'yan ƙwadago ya zauna jiran ruwan da ba zai zo ba. Idan kuwa akasin haka aka yi, kuɗin ruwan da manoma suka biya sai a rubuta shi a rumbun gwaji, wanda ake sharewa a kai a kai. Wannan na biyu ya fi muni, domin babu wanda zai lura sai ranar lissafi. Irin na farko ya sami kamfanin HBO Max na Amurka a watan Yuni na 2021, sa'ad da wasiƙar gwaji ta isa ga masu biyan kuɗin kallonsa.

Hanyar da ɗalibanmu suka fi bi ita ce su rubuta sunan fayil a cikin jikin manhaja, su riƙa sauya shi da hannu duk lokacin da za su ɗora ta a uwar garke. Wannan dogaro ne ga tunawar mutum, ga gaggawa, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Abin da ya fi shi ne a bar zaɓin ga kwamfutar da manhaja ta sauka a kanta, ta hanyar wata alama da ake kafawa a muhallin, manhaja ta duba ta tun kafin ta yi komai. A tsarin Rails, wanda ya fito a 2004, sunan alamar RAILS_ENV. A Django kuwa, na 2005, DJANGO_SETTINGS_MODULE ce ke nuna saitin da za a ɗauka. Laravel yana karanta wani fayil mai suna .env, wanda ba a haɗa shi da sauran rubutun manhaja idan za a raba wa abokan aiki. Sai dai a kula, da zarar an umarci Laravel ya taskace saitinsa don sauri, ba ya komawa kan wannan fayil, ko da an gyara shi, sai an sake taskacewa.

A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Heroku, ya fitar da ƙa'idoji goma sha biyu na gina irin wannan manhaja, ta ukunsu a kan saiti take. Ma'aunin da ya kawo mai sauƙi ne: a iya buɗe rubutun manhaja ga kowa ba tare da wata kalmar sirri ta fita ba.

Inda muke ganin an fi yin sake shi ne abin da manhaja za ta yi idan ba ta tarar da alamar ba. Rails yakan ɗauka cewa yana hannun mai rubutu ne, ya ci gaba da aiki. A ra'ayinmu, manhajar da ke riƙe da kuɗi ko rabon ruwa bai kamata ta yi zato ba. Ta ƙi tashi, ta faɗi abin da ta rasa. Haka nan kwamfutar gwaji kada a ajiye mata kalmar sirrin uwar garke ko kaɗan, ta yadda ko an kafa alama ba daidai ba, ba za ta sami shiga rumbun manoma ba. A wurin gwaji kuma a juya hanyar aika saƙo ta riƙa zubawa a wani fayil, mai gwaji ya karanta a nan.