Tsuntsun Zebra: Ɗan Daji da Damina Ba Ta Ƙare Masa a Keji

Duk wanda ya sayo tsuntsun zebra mace da namiji, ya rataya musu ɗan kwandon sheƙa a keji, to ya kwana da shirin karɓar baƙi kafin wata biyu. A kiwon yawancin tsuntsayen ƙawa, jan aikin shi ne a samu su yi ƙwai. Shi kuwa wannan, jan aikin shi ne a sa shi ya dakata.

Dalilin yana can ƙasarsa ta asali, wato busassun filayen Ostareliya, inda ruwan sama ba shi da alkawari. Tsuntsu ne da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa kuma kimanin giram 12, dangi ɗaya da baiwar Allah mai tsintar tsaba a tsakar gidajen ƙasar Hausa. Tun da bai san ranar da wani ruwan zai sake sauka ba, da zarar ciyawa ta yi 'ya'ya sai ya hau ginin sheƙa, ba ruwansa da wane wata ake ciki. 'Ya'yansa ma ba sa ɓata lokaci, cikin wata uku sun isa haihuwa. To a keji ga tsaba kullum, ga ruwa kullum, sai ya ɗauka damina ce ta zo ta zauna.

Bambance jinsinsu ba wuya. Namiji yana da tabo ruwan goro a kumatu, jan baki, zane-zanen fari da baƙi a maƙogwaro irin na jakin dawa, da gefen ciki ja-ja mai ɗigon fari. Mace toka-toka ce, bakinta ruwan lemo. Ƙanana duk da baƙin baki suke fitowa, sai sun tasa yake rikiɗewa, don haka mai saye ya yi hattara da wanda zai rantse masa cewa ɗan wata ɗaya mace ce.

Mace takan yi ƙwai 4 zuwa 6, ɗaya kowace rana, kuma ita da mijin ke karɓa-karɓar kwanci na kusan mako biyu. Bayan ƙyanƙyasa da mako uku 'ya'yan sun fito daga sheƙa, a wajen kwana 35 kuma suna ci da kansu. A lokacin kwanci ne sabon mai kiwo ke yawan yin asara saboda kirki. Yana ganin namiji na son ɗaukar ciyawa sai ya yi ta zuba masa, shi kuma gogan ba ya gajiya da gini: sai ya shimfiɗa sabuwar sheƙa a kan ƙwan da ake kwanci, mace ta sake zuba wasu a sama, na ƙasa su huce su lalace. Da an ga ƙwan farko, a kwashe sauran kayan gini. Zare da auduga kuwa kada ma su shiga kejin, domin suna naɗe ƙafar 'ya'yan.

Wadda ke biyan bashin wannan zafin nama ita ce mace. Kowane ɓawon ƙwai daga sinadarin kalsiyam na jikinta yake fita, idan ya yi ƙaranci ƙwai kan maƙale mata, a same ta a ƙasan keji ta kumbura gashi tana haki, kuma hakan na iya kashe ta. Maganin rigakafi ba tsada: dakakken ɓawon ƙwan kaza da aka tafasa, dafaffen ƙwai kaɗan lokacin renon 'ya'ya, da ɗanyen ganye irin latas. Bayan ƙyanƙyasa biyu ko uku a jere, a cire sheƙar gaba ɗaya ta huta. A kan sanda ma suna barcinsu lafiya lau.

Abincinsu ƙananan tsaba ne, acca ta dace da ɗan bakinsu ƙwarai. Fiya guba ce gare su. Keji mai faɗi ya fi mai tsayi, don a kwance suke tashi, kuma a kare shi daga iskar hunturu da rana mai dukan kai tsaye. Ba a ajiye guda ɗaya tilo, kuma ba tsuntsun da ke son a riƙa kama shi ba ne.

Saura batun raba 'ya'ya da iyaye, wanda ke da ɗan sarƙaƙiya. Namiji ne kaɗai ke rera waƙa, kuma ba da ita aka haife shi ba, koyonta yake yi daga uba ko wani babban namiji, sai wajen kwana 90 take zauna masa daram. Wannan ne ya sa masana ke nazarinsa don fahimtar yadda jariri ke koyon magana, har aka kammala karanta ƙwayoyin halittarsa a 2010, tsuntsu na biyu bayan kaza. Idan aka ɗauke ɗa da wuri inda ba ya jin kowa, waƙarsa takan fito a karkace. Idan kuma aka bar su tare har wata uku, wa da ƙanwa za su fara neman sheƙa. Abin da ya fi shi ne a ware su da zarar sun iya ci da kansu, maza daban mata daban, a ajiye kejin mazan kusa da na uban, inda za su riƙa ganinsa suna jin muryarsa.