Masu hura kwalba na garin Al-Halil

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san kwalba. Cikinta muke zuba kananzir da man gyaɗa, cikinta likita ke ba mu magani. Ƙwan fitila da finjalin shayi duk danginta ne, sunansu gilashi. To, asalin gilashi yashi ne, kuma akwai masu yin shi da iskar bakinsu.

Yashi kaɗai ba ya narkewa sai zafin wuta ya kai wajen digiri 1700. Ku tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100 kawai. Mutanen da suka gano dabara: in an gauraya yashi da kanwa, ko da tokar wasu tsirrai, yana narkewa da wutar da ba ta kai haka ba. I, kanwa, irin wadda makiyayi ke ba dabbobinsa. Da fari yin kwalba guda aiki ne mai cin lokaci, sai sarakuna da attajirai ke mallakar ta. Shekara 2000 da ɗoriya da suka wuce, a ƙasar Sham, aka gane ana iya hura narkakken gilashi ya kumbura. Daga nan talaka ma ya samu tasa.

A can ƙasar Falasɗinu akwai wani gari, Al-Halil, kilomita 30 kudu da birnin Ƙudus. Nan ne masallacin kabarin Annabi Ibrahim yake. Garin ya yi ɗaruruwan shekaru yana wannan sana'a, har akwai unguwa mai suna Ƙazzazin, wato unguwar masu gilashi.

Ga yadda suke aikin. A yanzu ba su cika wahala da yashi ba. Tsofaffin kwalabe ake tarowa, a wanke, a farfasa, a zuba cikin murhun da zafinsa ya wuce digiri 1000. In sun narke sai su zama kamar zuma mai kauri, jawur. Mai sana'a yana zaune bakin murhu kamar maƙeri. Yana da bututun ƙarfe, tsawonsa ya fi mita 1. Ya tsoma bakin bututun, ya murza, ya ɗebo curi. Ya sa ɗaya bakin a leɓensa ya hura. Curin ya kumbura kamar mafitsarar rago da yara ke hurawa ranar layya.

Nan gwaninta take. Hannu ba ya barin murza bututun ko kaɗan, in ya tsaya gilashin zai zube gefe guda. In yana son dogon wuya, ya lilo da bututun ƙasa, nauyi ya ja shi. In gilashin ya fara sandarewa, ya mai da shi wuta. Sa'an nan a manna wani sandan ƙarfe a gindin kwalbar, a ɓalle ta daga bututun, a buɗe bakinta da awartaki. Ba ma'auni, ba zane. Ido ne da numfashi. Cikin ƴan mintoci finjali ya fito. Amma yaro yana shekaru gaban murhu kafin a ce ya iya.

Ba a ajiye sabuwar kwalba cikin iska. In bayanta ya huce cikinta da sauran zafi, sai ta tsage. Akwai wani ɗaki na murhu mai ɗumi, nan take kwana tana hucewa sannu sannu. Dalili guda ne da abin da ke fasa finjali mai kauri in an kwarara masa tafasasshen shayi da sanyin safiya. A fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi.

Launi kuwa daga ƙarafa yake zuwa. Baƙin ƙarfe yana ba da kore, jan ƙarfe yana ba da shuɗi mai haske. In kun riƙe ta hannu za ku gane ta. Akwai ƴan ƙananan kumfa cikin jikinta, akwai tabo a gindinta kamar cibiya, kuma biyu ba su zama daidai. Wasu na cewa aibi ne. A ganina shi ne kyanta, kamar yadda ƙwaryar da aka yi wa zane da hannu ta fi kwanon roba daɗin kallo.

Kayan Al-Halil sun taɓa isowa ƙasar Hausa. Ban da kwalabe, suna yin awarwaro da manyan duwatsun wuya, kore da rawaya. Su ba a hura su, naɗa gilashin ake yi a jikin sandan ƙarfe. Fatake sun kai su Masar, daga can har Darfur. A 1937 wani Bature ɗan Ingila, Arkel, ya rubuta cewa matan Sudan suna sayar da su da araha ga fatake Hausawa, su kuma su kai Kano. Shi ya sa masu tara kayan da suke kiran su duwatsun Kano, alhali ba can aka yi su ba.

Sana'ar ta ja baya ƙwarai. Wajen 1808 wani matafiyi Bajamushe ya ƙirga murhu 26 da ma'aikata 150 a garin. A 1903 aka ƙera injin yin kwalba a Amurka, kwalba ta yi arha a duniya. Gidaje kaɗan suka rage cikin sana'ar, kuma baƙi masu ziyara ne manyan masu sayen kayansu. Garin yana ƙarƙashin mamayar Isra'ila tun 1967. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 baƙi suka ɗauke ƙafa, alhali kowane kwana da murhu ya yi a kunne kuɗin mai yake ci, ko an sayar ko ba a sayar ba.