Shin Ko Kun San? Robar da Ba Ta Manta Asalinta

Shin ko kun san cewa gorar robar da ake ɗura kunun zaƙi da zoɓo a mararrabar Jere tana tune da siffar da aka fara yin ta? Ku zuba mata tafasasshen ruwa ku sha kallo. Za ta yamutse, ta tsuke, ta gajarce, amma bakin da murfi ke zama kusan yana nan yadda yake. Sai a ce ta narke. Ina! Wannan roba ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin salshiyos. A masana'anta ɗan bututu ne mai kauri, tsawonsa bai wuce yatsa da kaɗan ba. Gasa shi ake yi, a hura masa iska a cikin mazubi har ya buɗe ya zama gora, a sanyaya shi nan take. Da zafi ya haura digiri 70, sai ta kama hanyar komawa ɗan bututun nan. Bakin kuwa dama ba a ja shi ba, ba shi da inda zai koma. Shi ya sa mai kunu ke jira ya huce kafin ta ɗura.

Sirrin yana cikin ginin robar. Dogayen zaruruwa ne na sinadari, an ɗaure su nan da can kamar ƙullin ragar kamun kifi. Ƙulle-ƙullen su ke riƙe da siffar asali, sanyi ya daskarar da zaren a duk inda aka ja shi, zafi kuma ya sake shi.

Shin ko kun san masu wayarin mota suna aiki da irin wannan roba kullum? Siririn baƙin bututun nan ne da suke zura wa waya inda suka yi haɗi, su kara masa wutar laita, ya tsuke zuwa rabin faɗinsa ya kama wayar gam. Kamfanin Raychem, wanda Paul Cook ya kafa a Kalifoniya a 1957, shi ya fito da shi kasuwa. Tun 1941 ma wasu Amurkawa biyu masu suna Vernon suka ambaci wannan hali na roba a takardar mallakar fasaharsu ta kayan haƙoran roba.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wajen jikin ɗan Adam. Mun saba mu sayi takalmi ya yi ta cizon mu, a ce a yi haƙuri zai buɗe. Masu wannan fasaha sun juya lissafin: kaya ne zai bi jiki. A Japan, bayan kamfanin Mitsubishi ya samar da irin tasa robar a ƙarshen shekarun 1980, an ƙera cokali mai mariƙin da ake tsomawa a ruwan zafi. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta lanƙwasa wa yatsu sai a lanƙwasa mariƙin daidai hannunsa, a tsoma a ruwan sanyi, ya ci tuwonsa da kansa. In hannun ya samu sauƙi, a mayar ruwan zafi, mariƙin ya miƙe, a sake aunawa.

Haka batun ɗori. Ban da karan masu ɗorin gida da simintin asibiti, akwai fallen roba da ke laushi a ruwan da ya kai digiri 60 zuwa 70. Ma'aikacin gashin ƙashi zai ciro shi, ya bari ya ɗan huce, ya shimfiɗa a kan hannun majinyaci, cikin 'yan mintoci ya ƙage. Ba nauyi, ana cirewa a yi wanka, kuma idan kumburi ya saɓe ba sai an yanka sabo ba. Ga manomin citta daga Kagarko ko Kwoi, wanda kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano kaɗai ya ishe shi tunani, abin da za a iya sake gyarawa da tukunyar ruwan zafi ba ƙaramin rangwame ba ne.

Shin ko kun san akwai zaren ɗinkin tiyata mai tsuke kansa? Andreas Lendlein da Robert Langer suka bayyana shi a mujallar Science a 2002: a ɗinka shi sako-sako, da ya ji ɗumin kusan digiri 40 sai ya ja bakin raunin ya haɗe.

Kada dai a rikita wannan da katifar nan mai ɗaukar shatin jiki, wadda aka ƙirƙiro wa hukumar NASA sosonta a 1966 domin kujerun jirgin sama. Ita da ka tashi take komawa da kanta a hankali, ba ta jiran a gasa ta.

Sai dai fa a yi hattara da ranarmu. Motar da aka rufe aka bari a tashar jirgin ƙasa ta Jere da tsakar ranar Maris, zafin gabanta kan iya wuce digiri 60. Duk wanda aka auna wa irin wannan robar ɗori ko shimfiɗar cikin takalmi, ya manta ta a gaban gilashi, yana iya dawowa ya tarar ta saki, sai an sake komawa wurin awo.